Tasar Zauren Jahun

Ranar Juma'a ce bayan la'asar, saura mako uku a karɓi 'yancin kai. Garin Bauchi kowa ya duƙufa gyaran gida, inda ka juya sai warin farar ƙasa da ɗanyen siminti.

Sufeto Hammajoda yana zaune a caji ofis, ya buɗe kwanon abincinsa ya mayar ya rufe. Shekara biyu ke nan da rasuwar matarsa, tun daga nan abinci ya daina yi masa daɗi. A ɗakinsa na bariki ba kowa, sai gado da buta da kwano ɗaya. Shi ya sa ba ya gaggawar tashi daga aiki.

Sai ga hayaniya a bakin ƙofa. Wani mutum mai farar riga da tabarau ya shigo yana haki, bayansa maza biyu riƙe da wani ƙato mai gajeren wando, ƙafafunsa duk siminti.

"Sufeto, ɓarawo na kawo maka."

"Sannu da zuwa. A sake shi tukuna, nan ba inda zai gudu. Wane ne kai?"

"Sunana Mansir, akawu ne ni a ofishin En'e. Gidan kakana nake gyarawa a Unguwar Jahun. Shekara uku ina bin ƙauyuka ina tara tsofaffin kaya, don in ƙawata gidan kafin baƙina su zo daga Kaduna ranar biki. Yau an raba ni da wanda ya fi duka."

"Mene ne shi?"

"Tasar tagulla, aikin Nufawa. Tana manne a tsakiyar rufin zaure tun ba a haifi ubana ba. Gobe na shirya a ciro ta a goge, in sa ta a kabad mai gilashi a falon cikin gida."

"Me ya sa ka ce wannan ne ya ɗauka?"

"Kowa ya tafi masallaci. Shi Toma Kirista ne, mai aikin siminti, shi na bari gadi. Na dawo na ɗaga kai, ba tasa. Gata, ran Litinin, ina so a kai shi gaban alƙali."

Sufeto ya dubi ƙaton. "Toma, me ka ce?"

"Yallaɓai, ban taɓa ba. Ina wurin, ban tashi ba, ban ga kowa ba."

"Ba ka tashi ba, ba ka ga kowa ba, tasa kuma ta fita. Fikafikai ta yi?"

Toma ya sunkuyar da kai. Sufeto ya sa kofur ya kai shi bayan kanta, ya ɗauki hularsa ya bi Malam Mansir.

Gidan tsoho ne ƙwarai, irin mai kaurin bango. Daga waje an riga an shafe rabinsa da siminti, rabin kuma yana nan da jar makubarsa ta dā, kamar mutumin da aka yi wa aski aka bari a tsakiya.

Cikin zauren an jera kaya jikin bango. Ga ƙyauren itace mai manyan ƙusoshi da aka ciro daga wani kango a Zungur. Ga sirdi da likkafunsa, ga baƙaƙen akusa, ga butocin tagulla uku, ga wata adaka da zanenta ya koɗe. Malam Mansir yana nuna su ɗaya ɗaya yana faɗin inda ya samo, har ya ɗan manta da fushinsa.

"A cikin waɗannan an taɓa wani abu?"

"Ko ɗaya."

Sufeto ya dubi kayan. Butocin nan suna ƙasa, mutum zai iya sa ɗaya a riga ya fita. Amma an bar su, an hau sama.

Tsanin Toma yana jingine. Sufeto ya cire takalma ya hau a hankali har inda bakunan rufin suka haɗu. Ya zaci zai ga rami. Ba rami. An cike gurbin tasar da ƙasa, an shafe sumul, har an zagaya da yatsa an fitar da ɗan da'ira mai kyau.

Ya danna da babban yatsa, ta lotsa. Ya gutsuro kaɗan daga gefe ya shinshina. Warin ruɓaɓɓiyar ciyawa. Ya ƙulle a hankici.

"Ka ga wayonsa ko?" in ji Malam Mansir daga ƙasa. "Ya toshe don kada a lura."

"Na gani," in ji Sufeto. A ransa kuwa cewa yake, wane irin ɓarawo ne, ana dab da sallame salla, zai tsaya yana yi wa rami ado?

Washegari da safe ya sa aka fito da Toma. Kokon da aka ba shi yana nan bai sha ba.

"Ba ka jin yunwa?"

"Yallaɓai, ina roƙo. A kai wa matata wannan."

"Tana ina?"

Toma ya ga bakinsa ya riga shi. Ya share fuska da tafin hannu. "Asibiti. Liatu, kwana tara ke nan. Ba mu da kowa a garin nan, ni ke kai abinci."

"Jiya ma ka kai?"

"Da suka tafi masallaci na ruga na kai, na dawo. Na ji tsoro in faɗa, maigida zai ce na bar gadi ya kore ni."

"Ka ga ƙaryarka ta fi gaskiyarka haɗari. Yanzu zai ce ka tafi da tasar ka sayar a hanya."

"In aka ɗaure ni, wa zai duba ta?"

Sufeto ya san yadda mace take zuba wa ƙofar ɗakin asibiti ido idan lokacin abinci ya yi. Ya kwance hankicin ya tura masa.

"Mene ne wannan?"

Toma ya murza. "Ƙasa ce, da ciyawa."

"Ka iya aiki da ita?"

"Ni siminti na koya, a wajen aikin hanya. Wannan na tsofaffi ne. Su da hannu suke shafe. Ni in ba cokalin gini, ban iya komai ba."

Sufeto ya kira kofur, ya ɗauko kwanonsa na karin kumallo wanda bai taɓa ba. "Kai wa wata Liatu a asibiti. Ka ce mijinta aiki ya riƙe shi. Ka kuma tambaya ko an gan shi jiya, da abin da ke hannunsa."

Daga nan ya koma Jahun. A cikin gidan mutum ɗaya ce ke kwana, Goggo Hamsatu, ƙanwar mahaifin Malam Mansir. Ya same ta a inuwar rumbu tana kaɗi.

"Goggo, ina kwana?"

"Na'am?"

Ya ɗaga murya. "Na ce ina kwana!"

"Lafiya lau, ɗan nan. Kunnen ne ya tafi."

"Jiya lokacin salla ba ki ji motsi a zaure ba?"

"Ni ko aradu ta faɗi ba na ji."

Sufeto ya juya baya kamar zai tafi, ya ce can ƙasa-ƙasa, shi da kansa, "Wannan zaren kuwa ya yi kauri, ba zai saƙu ba."

"Kaurin me? Zo ka nuna mini wadda ta fi ni kaɗi a Jahun!"

Ya juyo yana murmushi. Tsohuwa ta kama baki, sannan ta harare shi.

"Ɗan sanda ba shi da kunya."

"A yi haƙuri, Goggo. Akwai wanda ke kulle, matarsa na asibiti. To, wa ya shigo?"

"Ban ga kowa ba. Wannan kam ko ka yanka ni."

"To bar wannan. Na ga wani dakali a zaure, gefe ɗaya ya yi santsi har ya lotsa. Wurin wa ne?"

Mazarin ya tsaya a hannunta. "Wurin Ɗanlarai ne, magini. Ubansa ya gina zauren. Fiye da shekara arba'in kullum da hantsi sai ya zo ya zauna, su yi hira da yayana. Yayana ya rasu, bai fasa zuwa ba. Ya zauna shi kaɗai, in aika masa da fura, ya sha ya tafi."

"Yanzu fa?"

"Da Mansir ya fara aikin nan, ya ce zaure ya zama wurin ajiyar kaya, a daina zama. Ba da mugunta ya faɗa ba. Yaran yanzu ne, suna son tsohon kaya, ba su san yadda za su yi da tsohon mutum ba."

Ta ci gaba da kaɗinta, ba ta ƙara kallonsa ba.

Gidan Baba Ɗanlarai yana can bayan ganuwa wajen Ƙofar Wunti. Ɗaki ɗaya ne ya rage a tsaye. Sufeto ya yi sallama sau uku kafin wani dogon tsoho ya fito, siriri, mai manyan hannuwa.

"Baba, shawara na zo nema. An ce duk garin nan ba wanda ya fi ka sanin gini."

"An ce dai. Shekarata biyu rabona da aiki, ranka ya daɗe. Yanzu kowa siminti da kwano."

"Ka ji abin da ya faru a gidan Malam Mansir?"

"Na ji a bakin mutane."

"Jiya a ina ka yi Juma'a?"

"Inda na saba."

Sufeto ya nemi ruwa ya wanke hannu. Tsohon ya nuna masa randa a bayan ɗaki. Kusa da randar akwai tsohuwar tabarma a shimfiɗe a ƙasa, an danne ta da duwatsu. Ya ɗaga gefenta da ƙafa. Kwaɓaɓɓiyar ƙasa ce, baƙa, an ɗebi wajen cikin ƙwarya guda. Warin nan na hankicinsa ya taso.

"Baba, ka ce ba ka da aiki. Wannan fa?"

"Bangona zan gyara."

Sufeto ya dubi bangon. Tsaga ta ratsa shi daga sama har ƙasa, ciyawa ta tsiro a ciki. Ba a taɓa shi ba ko da yatsa.

Ya leƙa cikin ɗakin yana gyara hula. Gadon kara, buzu, buta, murhu mai tukunya ɗaya. Sai ya ji kamar ɗakinsa yake kallo, bayan shekara talatin. Ya kau da kai.

"Ina roƙon ka zo zauren bayan azahar, ka duba mini wani aiki."

Tsohon ya ce, "Allah ya kai mu."

Kofur ya dawo da labari. An ga Toma a asibiti, da kwanon tuwo ya shiga, da kwanon ya fita. Amma Malam Mansir da ya ji sai ya ce, "To ai ga shi nan! Ya yi ƙarya tun farko. Wa ya san inda ya biya?"

Sufeto ya san alƙali ma haka zai ce. Ƙasa a bayan ɗaki kuwa ba laifi ba ce. In ba a ji daga bakin mai abin ba, Toma ne zai tafi gidan yari.

Bayan azahar suka haɗu a zaure: Malam Mansir, da Toma a hannun kofur, da Baba Ɗanlarai wanda ya tsaya a bakin ƙofa ya ƙi ƙarasowa. Idonsa ya sauka kan dakalin nan, an ɗora sirdi a kai.

Sufeto ya nuna sama da sandarsa.

"Malam Mansir, na gama bincike. Gaskiyarka ce, wanda ya yi wannan toshi bai san gini ba. Aikin ɗan koyo ne."

Ya ƙara nuna toshin da sandar.

"Dubi yadda aka yaɓa shi kamar kashin shanu. Ƙasar ma jiya-jiya aka kwaɓa ta, ko jiƙa ba ta yi ba. Ruwa ɗaya in ya sauka, zai faɗo wa mutum a ka. Shawarata a farfashe shi yau, a cusa siminti."

Tsohon ya motsa.

"Kofur, miƙo mini guduma."

"Kada ka taɓa!"

Muryar ta cika zauren. Baba Ɗanlarai ya shigo har tsakiya, yana nuna Sufeto da yatsa.

"Kashin shanu? Ƙasar nan kwana goma sha biyu tana ruɓa, kullum sai na juya ta na taka! Sai da na jiƙa bakin azara kafin na cusa, hawa uku na yi mata. Zauren nan zai rushe wannan toshi bai faɗo ba. Ka sa siminti a nan, ya riƙe danshi, azara ta ruɓe, rufin ya..."

Sai ya tsaya. Ya dubi fuskokinsu ɗaya bayan ɗaya. Hannunsa ya sauka a hankali.

Sufeto ya ce a tausashe, "Na san aiki ne mai kyau, Baba. Tun jiya na sani. Ka yafe mini zagin."

Ya sauke sirdin daga kan dakali da kansa. Tsohon ya zauna a gurbinsa, gurbin ya karɓe shi daidai.

"Tasar uwata ce," in ji shi. "Da ita aka kawo ta gidan ubana."

Malam Mansir ya cire tabarau. "Ta uwarka?"

"Shekarar da Turawa suka shigo garin nan ubana ya gama zauren. A wurinmu magina, rufi bai kammala ba sai an manna tasa a tsakiya, maigida ne ke bayarwa. Kakanka a lokacin an kwashe masa kaya, ba shi da ita. Ubana ya ce ba zai sauko ya bar aikinsa tsirara ba. Uwata ba ta yi arba'in da rasuwa ba, ya ɗauko tasarta ya manna. Ban taɓa cewa tawa ce ba. Abin da aka binne a ginin mutum nasa ne. Ni dai in zauna nan in ɗaga kai in gan ta, ya ishe ni."

"Me ya hana ka gaya mini?"

"Na zo sau biyu, kana auna bango, ka ce in dawo bayan biki. Sai na ji za a kai ta falon cikin gida a kulle a gilashi. Wa zai shigar da ni falo? Ran nan na kwaɓa ƙasa. Jiya na bar Juma'a, abin da ban taɓa yi ba tun da na balaga. Na laɓe har na ga wannan bawan Allah ya fita da kwano."

"Ka ciro, me ya sa ba ka tafi ba?" in ji Sufeto.

Tsohon ya dube shi kamar ya yi tambayar yara. "In bar rami a rufin ubana?"

Ya juya wajen Toma.

"Kai ne nauyin da ke kaina. Na ji an kama ka, na ce gobe zan je, gobe ta yi na kasa. Ka yafe mini."

Toma ya dubi ƙasa. "Matata ta kwana ba ta gan ni ba, Baba."

"Na sani."

"To. Ya wuce."

Sufeto ya ce da kofur, "Sake shi. Toma, tafi asibiti, kada ka tsaya ko'ina."

Toma ya kai bakin ƙofa, tsohon ya kira shi. "In ka dawo aiki, kada ka shafa farar ƙasa a wurin nan sai ya kwana bakwai."

"Na ji, Baba." Ya fita da gudu.

Malam Mansir yana ta juya tabarau a hannu. Ya dubi ƙyauren Zungur, ya dubi akusa, ya dubi dakali. "Sufeto, in na ce na janye fa?"

"An riga an kulle mutum a kan maganar nan, ta shiga takarda. Ran Litinin ka faɗa wa alƙali abin da ke ranka, da bakinka. Zai saurare ka."

Kofur ya ciro ankwa. Sufeto ya girgiza kai, kofur ya mayar.

Suka biya ta Ƙofar Wunti. Tsohon ya shiga ɗaki ya fito da tasar a naɗe cikin tsohon rawani. Ya wanke ta da toka da tsamiya, tana ƙyalli. Su biyu suka taka zuwa caji ofis, ba mai riƙe da wani. Masu shafen farar ƙasa a kan tsani suna gaishe su, sun zaci hira suke.

A ofis Sufeto ya ajiye tasar a tebur, ya jawo littafin shaida, ya tsoma alƙalami a tawada.

"Ka ci abinci a cikinta?"

"Na zuba tuwo jiya," in ji tsohon. "Na kasa ci. A gidanmu mu shida muke sa hannu a cikinta. Ba tasar mutum ɗaya ba ce."

Sufeto ya dubi alƙalamin, ya ajiye shi. Ya ɗauko kwanon da mai tuwo ta aiko masa tun rana, ya juye duka a cikin tasar, ya zuba miya. Ya sauko daga kujera ya zauna a tabarma.

Kofur ya zaro ido. "Yallaɓai, ai shaida ce."

"Ban rubuta ba tukuna. Kawo ruwan wanke hannu."

Tsohon ya matso. Suka yi bisimilla, suka ci har ƙasan tasar ya fito da zanen Nufawa. Sufeto ya lura shi ne ya suɗe miyar ƙarshe.

Sannan ya wanke ta, ya goge da hankici, ya rubuta: tasar tagulla, guda ɗaya. Baba Ɗanlarai ya miƙe da kansa, ya bi kofur bayan kanta.